Fargabar Uwa da Ginuwar Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi: Nazari a Kan Masu Juna Biyu a Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda damuwa da fargabar mai juna biyu ke shafar ginuwar ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta, sannan ta auna binciken da aka yi a wasu ƙasashe da halin da matan ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi ke ciki. Hujjarta ita ce rashin tsaro ya yi wa mai ciki illa biyu a wannan yanki: ya ƙara mata abin firgita, ya kuma rushe gatan da al'ada ta tanadar mata. Takardar ta nemi a shigar da binciken lafiyar zuciya cikin awon ciki, a hannun ma'aikatan da ake da su yanzu.

Gabatarwa



Ranar awo a ƙaramin asibitin mazaɓa, tun da hantsi benci ya cika, wasu matan na zaune a kan tabarma a baranda, kowace da katinta a naɗe cikin leda. Idan layi ya zo kan mace, za ta hau sikeli, a ɗaura mata abin gwajin hawan jini, a ja tef daga mara zuwa saman ciki, a kara ƙahon sauraro a ji bugun zuciyar ɗa. A duba fitsari, a ba ta ƙwayar ƙarin jini, ta haɗiyi Fansida a gaban malamar asibiti, a rubuta mata ranar dawowa. Duk wannan aiki ne mai kyau, kuma yana ceton rai. Sai dai da wuya a ji an tambaye ta ko tana samun barci, ko yaushe rabonta da kwana a ɗakinta ba tare da kunnenta na kan ƙarar babur ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a duniya baki ɗaya kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Bitar da Jane Fisher da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ta nuna adadin ya kai kashi 15.6 a ƙasashe masu ƙarancin arziki, ya kuma hau zuwa 19.8 bayan haihuwa. A nan gida, Adewuya da abokansa sun sami ciwon damuwa a kashi 8.3 na matan da cikinsu ya tsufa a Ilesha, a binciken da suka fitar a 2007. Ilesha gari ne da ake kwana lafiya. Ko da wannan adadin muka ɗauka, duk benci mai mata 12 akwai guda a kansa da ke buƙatar taimakon da ba a rubuta a katin awo ba.

Yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa

Aikin yana farawa tun mace ba ta tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen kwana na 28 da shigar ciki. Daga nan ƙwayoyin jijiya su yi ta haihuwar juna da sauri, su yi ƙaura zuwa mazauninsu a tsakiyar ciki, sannan a watanni uku na ƙarshe su shiga ƙulla hanyoyi tsakaninsu. A mako na 34, nauyin ƙwaƙwalwar bai wuce kashi 65 cikin 100 na abin da zai kai a cikar wata tara ba. Saboda haka makonni shidan ƙarshe ba jira ba ne kawai, kuma duk abin da ya jawo bakwaini ya yanke wa ƙwaƙwalwa lokacin da take matuƙar buƙata.

Ta ina damuwar uwa ke isa ga ɗa?

Babu jijiya ko ɗaya da ta haɗa ƙwaƙwalwar uwa da ta ɗan tayi. Saƙon yana bi ne ta jini da kuma ta halin rayuwa.

Hanyar da aka fi nazari ita ce ta sinadarin kotisol, wanda wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda ke fitarwa idan mutum ya shiga tsoro ko matsi. Ɗan tayi na buƙatar kotisol daidai gwargwado, musamman don huhunsa ya nuna. Yawansa a lokacin da bai dace ba shi ne matsala. Allah cikin ikonsa ya sanya wa mabiyiya wani sinadari, 11β-HSD2, da ke kashe kaifin mafi yawan kotisol ɗin uwa kafin ya isa ga ɗa. Aikinsa kamar na zaure ne a gidan Bahaushe, inda ake tsayar da baƙo, ba kowa ke zarcewa cikin gida ba. A 2012, Kieran O'Donnell da Vivette Glover a Landan sun gwada mabiyiyar matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, suka ga cewa matan da suka fi fargaba su ne wannan sinadari ya fi rauni a mabiyiyarsu. Tun kafin nan, gwaji a kan ɓeraye ya nuna ƙarancin abinci mai gina jiki ma yana raunana shi. Ina roƙon a riƙe wannan, don za mu dawo kansa: yunwa da tsoro ƙofa ɗaya suke bugawa.

Me ake gani a ƙwaƙwalwar jaririn? A Singafo, a binciken da ake kira GUSTO, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai cikin makonni biyun farko da haihuwa. Rifkin-Graboi da abokanta sun ruwaito a 2013 cewa jariran da uwayensu suka fi alamun damuwa lokacin ciki suna da bambanci a tsarin amigidala ta dama, wato sashen da ke lura da tsoro. Muhimmancin wannan shi ne jariran ba su daɗe a hannun uwa ba balle a ce reno ne ya jawo.

Binciken da ya fi kama da halinmu shi ne na gabashin Kwango. Connie Mulligan da abokanta sun nazarci mata 25 da jariransu a yankin da yaƙi ya ɗaiɗaita, suka wallafa a 2012. Matan da suka fi ganin masifar yaƙi sun haifi jarirai masu ƙarancin nauyi, kuma an sami sauyi a alamomin da ke kunna ko kashe ƙwayar gadon da ke sarrafa kotisol a jikin jariran. Adadin matan kaɗan ne, amma sakamakon ya yi daidai da wanda Oberlander ya samu a Kanada a 2008 a jariran mata masu damuwa.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar na'ura kafin a gane ta. Macen da damuwa ta kama ba ta cin abinci, ba ta barci, tana tsallake awo, tana mance ƙwayar ƙarin jini, ba ta da kuzarin ɗaura gidan sauro. Wata ta aika yaro kemis ya sayo mata maganin barci ba tare da sanin likita ba. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da rashin sinadarin aidin duk an san illarsu ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Bitar da Nancy Grote ta jagoranta a 2010 ta nuna ciwon damuwa a lokacin ciki na ƙara haɗarin bakwaini da ƙarancin nauyi, kuma haɗarin ƙarancin nauyin ya fi tsanani a ƙasashe masu tasowa.

Ta uku tana zuwa bayan an sauka. Damuwar da ba a magance ba a ciki, sau da yawa ita ce ke zarcewa cikin jego. Jariri na koyon duniya ne daga fuskar uwa: ya yi gwaranci ta amsa, ya yi kuka ta ɗauka. Uwar da zuciyarta ta yi nauyi tana iya ba da nono tana kallon bango. A Rawalfindi ta Pakistan, Atif Rahman ya nuna a 2004 cewa jariran matan da suka yi damuwa a ciki sun ninka sauran kusan sau 4 a haɗarin ramewa a wata shida. Adewuya ya sami makamancin haka a Nijeriya a 2008.

Iyakar hujjar

Wajibi ne mu faɗi wannan ilimi da adalci, don kada mu ƙara wa matan da muke son taimako wani sabon abin tsoro.

A Biristol ta Ingila an bibiyi ciki kusan 14,000 tun daga 1991. An gano cewa yaran matan da suka fi kowa fargaba sun ninka sauran a haɗarin matsalar ɗabi'a da ta zuciya. Amma a duba alƙaluman: a shekara 13, kusan kashi 12 cikin 100 ne, a kan kusan kashi 7 na sauran yara. Ke nan ko a cikin matan da suka fi shan wahala, mafi yawan 'ya'yansu lafiya lau suka tashi. Ƙarin haɗari ne, ba hukunci ba ne.

Akwai kuma batun gado. Uwa mai fargaba na iya gadar wa ɗanta halin ta jini, ba ta mabiyiya ba. Frances Rice da Anita Thapar a Kadif sun warware wani ɓangare na wannan a 2010, ta hanyar nazarin yaran da aka samu ta dashen ƙwai, inda wasu matan suka ɗauki cikin da ba ƙwansu ba ne. Alaƙar damuwa da ƙarancin nauyi da kuma taurin kai ta tsaya ko da babu haɗin jini. Alaƙarta da larurar rashin natsuwa kuwa ta ɓace, alamar wannan ta gado ce. A Butajira ta Habasha ma, Servili da abokanta sun ruwaito a 2010 cewa da aka cire tasirin talauci da sauran dalilai, alaƙar damuwar uwa da ci gaban jariri a wata 12 ta yi rauni har ba a iya dogara da ita. Ni ban ɗauki wannan a matsayin rushe hujja ba. Yana nuna mana cewa a ƙasa irin tamu damuwa da talauci a cakuɗe suke, kuma wanda ya ce zai magance ɗaya ya bar ɗaya ya yaudari kansa.

Wani darasin ya fito daga Kibek ta Kanada, inda guguwar ƙanƙara ta katse lantarki a tsakiyar hunturun Janairun 1998, wasu gidajen har makonni. Suzanne King ta bibiyi matan da ke da ciki a lokacin. A shekara 2, yaran matan da suka fi shan wahala sun yi ƙasa a gwajin fahimi da na magana. Abin lura shi ne girman wahalar da ta sami matar ne ya fi hasashen sakamakon, fiye da yadda ita ta ce ta ji a ranta. Mace na iya daurewa, ta ce alhamdu lillahi da gaskiyarta, jikinta kuma ya riga ya ɗauki abin da ya ɗauka.

Dutsin-Ma da Kurfi

Ƙananan hukumomin biyu suna kan hanyar da ta taso daga Katsina ta nufi Ƙanƙara, suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, waɗanda ke bakin dajin Rugu. A watan Agustan 2019 'yan bindiga suka afka wa Wurma ta ƙaramar hukumar Kurfi da dare, suka yi awon gaba da mata da dama. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, aka shafe watanni a haka, ga kuma dokar taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Na ƙauyuka da ba su shiga ba sun fi yawa.

Mu ɗora wannan a kan mace mai cikin wata bakwai a ƙauye. Da la'asar sakaliya an ji raɗe-raɗin an ga babura. Ta goya na goye, ta ja hannun yayansa, su bi sauran mata cikin gona ko su nufi gari mafi kusa su kwana a gidan dangi, da safe su dawo. Ba dare ɗaya ba ne. Mijinta ko dai yana sintiri, ko ya tafi cin rani kudu saboda gonar nesa ba ta nomuwa, ko kuma ana haɗa kuɗin fansar wani nasa har an sayar da tumakin da ta tara don suna. A watannin da babu waya, tambayar da ke cin ranta ita ce idan naƙuda ta zo da dare, wa za a kira, kuma da me za a tafi? Fargaba irin wannan ba ta da ranar ƙarewa, kuma ita ce irin da jiki ya fi kasa jurewa.

Ga kuma yunwa. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kusan yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5 a jihar Katsina sun tsumbure, kuma matsakaicin haihuwar mace ya kai 7.3, mafi yawa a Nijeriya a lokacin. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu sanadin tamowa a cibiyoyinta na jihar cikin watanni 6 na farkon 2025. Uwar da ke jinyar mai tamowa da wani cikin a jikinta, ita ce wadda tsoro da yunwa suka haɗu a kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne gatan da aka rasa. Iyayenmu ba su san kotisol ba, amma sun san mai ciki ba a firgita ta. Ba a kai mata mummunan labari kai tsaye, ba a barinta ta yi aikin ƙarfi, abin da ta yi kwaɗayi a nemo mata. Mai cikin fari kuwa, idan ciki ya tsufa a kai ta goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a gaban uwarta ko gwaggonta, ta yi arba'in ana mata ruwan wanka da kunu, wani na ɗaukar mata jariri ta rintsa. Wannan tsari, duk da wasu abubuwan cikinsa da likitoci ke da ja a kansu, kariya ce ta gaske ga zuciyar mace, kuma bincike a ko'ina ya nuna samun mai tallafa wa mace na cikin abubuwan da suka fi kare ta daga ciwon damuwa. To yau ina za a kai yarinya goyon ciki idan ƙauyen iyayenta ya tashi? Uwar da za ta riƙe ta tana gudun hijira a ɗakin haya ɗaya a Dutsin-Ma ko Katsina. Yarinyar 'yar shekara 16 ko 17 ce, ga kunyar ɗan fari da ta hana ta ko ambaton cikin, balle ta ce wa uwar miji ranta ba daɗi.

Ba kuma za ta zo asibiti ta ce tana da ciwon damuwa ba. Za ta ce, "Malama, kaina ke ciwo, gabana na faɗuwa, jikina duk ya mutu, tunani ya yi mini yawa." Sai a gwada ta maleriya, a ba ta farasitamol. A gida kuma a ce laulayi ne, ko iska ce, ko a ce ta yi haƙuri. Haƙuri ibada ce, ba ni da ja. Amma ba ma ce wa mai hawan jini ta yi haƙuri mu sallame ta ba magani.

Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ci gaba ce, amma ba za ta kawo likita ƙauyuka irin su Birchi ko Karofi ba. Dole aikin ya tsaya a kan ungozomar asibiti da ma'aikatan lafiya na al'umma.

An gwada haka, kuma ya yi. A karkarar Pakistan, Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da mai ciki suna sauraronta, suna taimaka mata ta sauya tunanin da ke danne ta, suna jawo miji da uwar miji cikin lamarin. Sakamakon 2008 ya nuna a wata shida bayan haihuwa kashi 23 ne ke da sauran damuwa, a kan kashi 53 na waɗanda ba a yi wa ba. Nauyin jariran da tsawonsu bai canza ba, wanda ya sake tabbatar da cewa magana ba ta maye gurbin abinci, amma gudawa ta ragu, rigakafi ya ƙaru, iyaye suka ƙara wasa da 'ya'yansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. A jihar Oyo ma, gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna ma'aikatan ƙananan asibitoci na iya gano ciwon su kuma kula da shi, kusan biyu cikin uku na matan suka warke. 'Yan mata masu ƙarancin shekaru ne suka fi wuyar riƙewa a kan magani, kuma irinsu suna da yawa a bencinmu.

Shawarata ita ce a fara da tambaya biyu a kowane awo: ko a 'yan makonnin nan ranki na yawan ɓaci, kuma ko kin daina jin daɗin abubuwan da kika saba jin daɗinsu? Wadda ta ce e, a kai ta gefe, inda sauran mata ba sa ji, a yi mata tambayoyi 10 na ma'aunin damuwa na Edinbara na 1987, da baki, da Hausar da take ji. Wadda abin ya tsananta, ko ta ambaci son mutuwa, ko ta fara surutai bayan haihuwa, abin da ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, a tura ta babban asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ba tare da jinkiri ba. Akwai magungunan damuwa da likita kan ba mai ciki idan buƙata ta kai, akwai kuma irin su balfurowet da dole a guje musu saboda illarsu ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi, shi ya sa ba aikin kemis ba ne.

Malaman addini da ungozomomin gargajiya su ne mace ke fara zuwa wurinsu, don haka da su za a yi. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Limamin da ya ce wa maza a huɗuba kwanciyar hankalin mai ciki haƙƙin ɗan da ke cikinta ne a kansu, ya isar da saƙon inda malamar asibiti ba ta isa. Ina kuma gargaɗi da babbar murya kada wannan ilimi ya zama sandar dukan uwa. Idan yaro ya yi jinkirin magana, ba laifin tunanin uwarsa ba ne. Ba ita ta kawo 'yan bindiga ba, ba ita ta hana noma ba.

Ga masu bincike, mazaɓu 21 na ƙananan hukumomin nan biyu sun bambanta a yawan harin da suka gani, kuma wannan bambanci shi ne abin da nazari ke buƙata. Ana iya ɗaukar mata tun daga awon farko a mazaɓun da abin ya fi shafa da waɗanda ke da sauƙi, a rubuta abin da ya sami kowace da yadda take ji, a auna damtsenta da jininta don a raba tasirin yunwa da na tsoro, a tambaya ko ta samu goyon ciki da mai taya ta jego. Sannan a bi yaran zuwa wata 24 da ma'aunin ci gaban yara da aka tsara a Malawi a 2010, wanda ya dace da ƙauyukan Afirka kuma ma'aikacin lafiya na iya amfani da shi bayan ɗan horo. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna nan a tsakiyar yankin, da ɗalibai mata 'yan ƙasa da za a buɗe wa ƙofar gida. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba: duk matar da bincike ya gano tana da damuwa, a fara kula da ita a ranar, kada a bar ta a matsayin lamba a takarda har sai an gama tattara alƙaluma.